Kwanakin da Na Ƙi Amsa Gaisuwarki

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Uwani, a Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kin sauka lafiya, ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai. Allah ya tsare ki daga sharrin baƙon gari, da sharrin mutum, da sharrin abin da ido bai gani. Innarki na gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa, ga waya a hannunki, ga waya a hannuna. To, na gwada. Sau uku ina danna wurin ɗaukar murya, in ce "Uwani," sai in tsaya ina kallon wayar, in goge. Abin da ke cikina ya fi ƙarfin bakina, shi ya sa na koma ga ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci. In kin ga rubutun ya karkace ki yi haƙuri, hannun da tiyar awon hatsi ya saba, bai saba da alƙalamin bik ba. Labarin gari kuwa kada ki neme shi a nan, ki tambayi innarki, ita ce rediyon gidanmu.

Tsoro ne ya zaunar da ni rubutu. An gaya mini a jami'a wanda ya fi kowa a garinsu sai ya je ya faɗi jarrabawa, har ya maimaita shekara. Wannan ranar za ta iya zuwa miki, ko bana ko baɗi. Ni kuma na san abin da ya kusa faruwa ranar da lambarki ta sauko a kolej, alhali muna gari ɗaya, muna kwana gida ɗaya. Yanzu ga ki can nesa, ba inna, ba ɗan'uwa. Ranki nake ji wa tsoro, Uwani. Don haka zan jera miki kurakuraina yadda na tafka su, ki karanta har ƙarshe, ko da kin ji nauyi.

Kin san shekara uku kacal na yi a lakkwal, makarantar boko, a Korahane, kakanki ya cire ni ya haɗa ni da awaki. Abin ya tsaya mini a rai har na girma. Da aka haife ki na ce wannan sai ta yi karatun da aka hana ni. Kin ga tun ba ki yi haƙori ba na ɗora miki kayan da ba naki ba. Faransanci ban ji. Abin da mushe, malaminku, ke rubutawa a gefen biltan, takardar sakamakon nan taku, ban iya karanta shi, lamba kaɗai na sani. Saboda haka shekara goma tambayata ɗaya ce: "Ta nawa?" Ban taɓa cewa me kuka koya yau ba. Sai bara na ji a bakin ƙawarki wai darasin ƙasa da duwatsu kika fi so, na saki baki kamar labarin ɗiyar wani ake ba ni. Yadda nake auna gero haka na yi ta auna ki, tiya ta cika ko ba ta cika ba. Ke kada ki auna kanki haka. Ki yi karatun don ki san abin, ki ji daɗinsa, in wani darasi ya burge ki ki kira ni ki ba ni labari, ko ban gane ba zan saurara.

Kuskure na biyu, in na tuna shi yanzu sai tsigar jikina ta tashi. Shekararki ta farko a kolej kika zo ta huɗu, ke da ba ki taɓa sauka daga ta ɗaya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma na riga na rantse ba zan taɓa dukan ɗa ba, don ni da bulalar raƙumi aka rene ni, har yau ga tabo a gadon bayana. Sai Shaiɗan ya kawo mini dabara. Na ce tunda ta huɗu ce, kwana huɗu ba zan amsa gaisuwarki ba. Ki zo da safe ki durƙusa ki ce, "Baba, ina kwana," in ci gaba da jan tasbaha. Ki kawo mini ruwan alwala, in karɓa ina kallon katanga. A rana ta biyar na ce, "Lafiya lau." Zangon da ya biyo baya kika zo ta ɗaya.

Kai! Na ɗauka na gano abin da ya gagari iyaye duka. Har a rumfar hatsi nake koyar da shi, ina karkaɗa ƙafa.

"Ni ba duka, ba zagi, ba ɗaga murya," in ji ni. "Lambarta ita ce hukuncinta. Ta biyu kwana biyu, ta uku kwana uku."

Mutane na cewa, "Malam Isuhu, kai dai wayayye ne." Mutum biyu da na sani sun je sun gwada a gidajensu, wannan alhakin ma yana wuyana.

Innarki ce kaɗai ta tare ni. Ta same ni a zaure ta ce, "Malam, in ka yi wa yarinyar nan shirun nan, ko loma ba ta kaiwa baki. Gara ka tsinka mata mari ɗaya a wuce wurin."

Na ce, "Ke mi kika sani a harkar lakkwal?"

Ta juya ta koma ciki. Ashe ita ta sani, ni ne ban san komai ba. Ki riƙe wannan da kyau: duk wanda zai hore ki da shiru, ƙawa ce, malami ne, ko mijin da Allah zai ba ki wata rana, kada ki ɗauka mai haƙuri ne don bai ɗaga hannu ba. Ki buɗe baki ki ce masa wannan cuta ce. Ke ma in wani ya ɓata miki, ki faɗa masa a gabansa, ku yi ta ta ƙare, kada ki gaji halina.

Na uku, kunyar ɗan fari. Mu haka muka tashi muka gani, uba bai wasa da ɗan fari, bai yabonsa, ko sunansa na yanka bai faɗa. In kin zo ta ɗaya kin miƙo mini biltan, abin da nake cewa shi ne, "To, aje can." Kina fita sai in yi wuf in ɗauka, in ninke in sa a aljihun riga, sai kasuwa. Wallahi babu mai rumfa a layinmu da bai riƙe takardar nan a hannunsa ba. Har masu zuwa sayen wake daga Najeriya sun san sunanki, in sun sauka kafin su tambayi kaya sai su ce, "Ina ɗiyarka sarkin lissafi?" A duk Dakoro ke kaɗai ce ba ki san ina alfahari da ke ba. Dubi wannan wauta! In kin yi kyau ki ji "aje can," in kin gaza ki ji shiru, to da me yarinya ƴar shekara goma sha uku za ta gane ana son ta? Yau na ajiye kunyar: ina son ki, tun ranar da ungozoma ta leƙo zaure ta ce mace ce. Ke kuma in kin ga abin yabo a wurin mutum, ki yaba masa yana raye, yana jin ki.

Yanzu na zo ga shekarar jarrabawar birebe, shekararki ta ƙarshe a kolej. A ranmu mun sani, ni da ke da innarki, amma shekara huɗu ke nan ba wanda ya ɗaga maganar. Yau zan ɗaga ta.

Kin fara ciwon kai. Duk ranar jarrabawa sai kin yi amai kafin ki fita. Kin rame, wuyanki ya yi tsawo. Sai wata rana mai kitso ta kira innarki ta nuna mata ƙeyarki, wuri kamar faɗin tafin hannu ba gashi ko ɗaya. Da aka gaya mini, ko tambayarki ban yi ba. Nan take na yanke hukunci: an ɗebi gashin ɗiyata an kai wa boka, don a toshe mata kai. Wa ke taɓa kanki ban da mai kitso? Hajara, ɗiyar maƙwabcinmu Malam Sani tela, ƙawarki ɗaya tilo, wadda kullum ita ke bin bayanki a aji. Na ce shi ke nan, ga mai laifi. Na leƙa shagon ubanta na ce masa, a gaban masu jiran ɗinki, "Ka ja wa ɗiyarka kunne, kada in ƙara ganin ƙafarta a gidana. Abin da kuka ɗauka kuma Allah ya isa." Mutumin ya tsai da keken ɗinki yana kallona.

Na ɗauke ki a moto har Ajekoriya wurin wani malami, aka yi ta ba ki rubutu, aka turare ki har idanunki suka yi ja. Kika shanye rubutun kaf, ba musu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ashe da hannunki kike tsige gashin in kin zauna karatu, ba ki ma san kina yi ba. Ashe Hajara ce kaɗai kike gaya wa abin da ke damunki, ita ke riƙe miki hannu a hanyar lakkwal in numfashinki ya sarƙe. Ƙofa ɗaya ta rage miki a buɗe, ni na je da kaina na rufe ta. Don Allah, Uwani, ki yi ƙawa a Yamai. Ki samu ko mutum ɗaya wadda za ki yi kuka a gabanta ba ki ji kunya ba. Kuma wadda ta fi ki maki kada ki ɗauke ta abokiyar gaba, ki matsa kusa da ita ku yi karatu tare.

Ranar da aka raba biltan na zango na biyu, ina rumfa da azahar ina ɗinke bakin buhu, wani mai moto ya tsaya ya ce, "Malam Isuhu, tashi, ɗiyarka na gidan likita." Takalmi ɗaya na sa, ɗayan a rumfa na bar shi.

A can na ji abin da ya faru. Da aka tashe ku ba ki nufo gida ba, kin bi hanyar Rumbu har rijiyar bayan gari, wadda sai jaki ya yi tafiya mai nisa da igiya kafin guga ya fito. Masu ɗiban ruwa sun watse saboda rana. Wata tsohuwa Bafillatana da ta zo shayar da jakunanta ta hango yarinya da kayan lakkwal zaune a bakin rijiya, ƙafafu a ciki, ta jera takalmanta a gefe. Allah ya ba matar nan hankali, ba ta yi ihu ba. Ta lallaɓo ta baya ta rungume ki a ƙugu, kuka faɗi tare a kan yashi. Ko sunanta ban samu ba, ta tafi kafin in iso, amma ba na sallah ban sa ta a addu'a ba.

Ni kuwa, kin san abin da na shiga ɗakin ina faɗa? "Aikin sammu ne! Su suka kira ta rijiya!"

Majo, babbar mai jinya ta gidan likitan, wata mace mai ɗan shekaru, tana zaune a bakin gado riƙe da wuyan hannunki. Ta dube ni ta ce, "Malam, ɗan fita waje." Na fita. Can ta ce, "Shigo." Na shigo. Ta ce, "Koma." Sau uku tana yi mini haka, hannunta bai bar hannunki ba, har na fara jin haushi, na ce a raina matar nan wasa take da ni. Sannan ta taso ta ja ni gindin iccen bedi, inda ba mai jin mu.

Ta ce, "Jikin yarinyar nan ba zazzaɓi, ba komi. Amma in ka fita sai zuciyarta ta kwanta, in ka shigo sai ta kama bugu kamar wadda aka koro da gudu. Mi kake yi mata?"

Na ce, "Ni? Wallahi tallahi ban taɓa ɗaga mata hannu ba!"

Ta ce, "Ban ce ka dake ta ba. Cewa na yi mi kake yi mata?"

Sai ta zaro biltan ɗinki daga aljihu, duk ya cukurkuɗe, ta nuna mini lambar da yatsa. Ta goma sha ɗaya.

Ta ce, "Ta gaya mini kwana huɗu ta iya, kwana biyar ma ta taɓa iyawa. Ta ce sha ɗaya ba ta iyawa."

Wayyo, Uwani! Na zauna a ƙasa daɓas, cikin ƙura, da babbar rigata. Na je har Ajekoriya neman wanda ke cutar ɗiyata, na zubar da mutuncin maƙwabcina a kasuwa, ashe mai cutar shi ke tuƙa moton. Ni da nake koya wa mutane tarbiyya a rumfa! Har yanzu da nake rubuta wannan ban daina mamakin kaina ba.

Majo ba ta ƙyale ni haka ba. Ta ce damuwa ciwo ce kamar kowane ciwo, tana kama yara masu ƙoƙari kamar yadda take kama kowa, kuma ana jinyarta. Ta ce addu'a a ci gaba da ita, amma duk mako in kawo ki ku zauna ku yi magana, ni in tsaya waje. Ta ce in mayar miki da ƙawarki. Washegari na tafi shagon Malam Sani, a gaban mutane kamar yadda na yi ɓarnar, na cire hula na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ni na yafe, Malam Isuhu. Hajara ce ta yi wata biyu tana kuka, ita za ka ba haƙuri." Na ba ta, dattijo da furfura a gaban ƴar yarinya, kuma ban ragu da komai ba.

Shekaru ukun da kika yi a lise, bayan kolej, kin ga yadda na yi ta tuntuɓe. Na daina cewa "ta nawa," sai na tarar ban san wata tambaya ba. In ce, "Yaya rana?" ki ce, "Da sauƙi, Baba," mu yi tsaye cirko-cirko. Ranar da kika kawo ta shida, kin aje takardar, na ce, "Sannu da ƙoƙari. Kin ci abinci?" Kika tsaya kina jiran sauran. Da safe kuwa tun gwiwarki ba ta kai ƙasa ba na amsa gaisuwar, har innarki ta yi dariya a madafa. Sannu a hankali gashin ya tsiro, kika yi ƙiba, kika ci jarrabawar bak ta shiga jami'a. Sai na saki jiki, na ɗauka ciwon ya warke, naki da nawa.

Ga abin da nake so ki yi in ranar ta zo, aka liƙa sakamako ba ki ga sunanki ba. Kada ki tafi ko'ina ke kaɗai. Ki nemi ƙawarki ki gaya mata a ranar, kada ki bari sai gobe. Ki ci abinci ko ba ki jin yunwa. In kin ji hannunki na komawa ƙeya, ko abinci ya fita ranki, ko zuciyarki ta fara raya miki wai gara ba ki, ki tashi ki tafi gidan likita ki faɗa musu da bakinki, ba abin kunya ba ne. Sannan ki kira ni. Ko ina cikin ciniki, ko ina kan hanyar Maraɗi, zan ɗauka.

Na san za ki ce ai Baba ya sauya, me ya kawo duk wannan yanzu? To, shekaranjiya ce ta kawo shi. A tasha, an gama ɗaure kaya, direba na kiran fasinja, kika durƙusa a gabana kika ce, "Baba, in sha Allahu ba zan ba ka kunya ba. Can ma ta ɗaya zan zo." Abokan kasuwata uku na tsaye, sun zo rakiya, suna ji. Kaina ya kumbura. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni, na ce, "Yawwa, haka nake so."

Kika ce, "To, Baba," kika shiga mota. Sai da motar ta sha kwana ta ɓace sannan maganar ta dawo mini kunne. Subhanallahi! Na tsaya a tsakiyar tasha na dafe kai. Shekara huɗu ina gyara, a numfashi ɗaya na rushe, kuma ita ce kalmar ƙarshe da kika tafi da ita daga bakin ubanki. Innarki ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Malam, ka sake." Tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba.

Na janye maganar nan, Uwani. Ƙarya bakina ya yi, ba haka nake so ba. Alkawarin da kika ɗauka a tasha na sauke miki shi, ban karɓa ba, Allah shaida ne. Ki zo ta ɗaya, ki zo ta ɗari, ki maimaita shekara, ki dawo ba takardar komai, duk ɗiyata ce za ta sauko daga mota, kuma ni zan zo tarbarki da kaina. Abu ɗaya ne ba zan iya ɗauka ba, a kawo mini akwatinki ba ke.

Ki yafe mini. Uba ne ke roƙo, ban kuma ji nauyin roƙon ba.

Allah ya tsare mini ke a zaune da tafe. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sanyaya miki zuciya ranar da abu ya yi tsanani, ya sa ki tuna kina da gida. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya, da ƙafafunki. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Isuhu mai hatsi, Dakoro.